Tarihin Saiwoyin Latin a Ƙirar Sunayen Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin Ingilishi ya taɓa cin karo da wata matsala wadda littattafan nahawu ba su cika tsayawa a kanta ba. An koya masa cewa ana samar da suna ta hanyar liƙa ɗafa-ƙeya a jikin saiwa, kamar yadda *teach* ke ba da *teacher*, *kind* kuma ya ba da *kindness*. Saiwar ba ta motsi, ɗafin ne kawai ke ƙaruwa. Bai yi nisa ba sai ya tarar da *receive* da *reception*, da *describe* da *description*, da *solve* da *solution*, da *destroy* da *destruction*, inda saiwar kanta ta sauya kama. Abin da akan ce masa shi ne ya haddace, wai waɗannan ba su bin ƙa'ida. Alhali kuwa suna bin ƙa'ida sau da ƙafa, sai dai ƙa'idar ta Latin ce, harshen Rumawa. Ingilishi yana ɗauke da tsarin ƙirar kalma iri biyu a jikinsa, ɗaya na gado ɗaya na aro, kuma tarihi ne kaɗai ke iya bayyana yadda aka yi suka zauna wuri guda.

Ingilishi ba ɗan Latin ba ne kamar Faransanci ko Italiyanci. Harshe ne na dangin Jamusanci, dangantakarsa da Latin ta kaka ce mai nisa, wadda ake hangowa a kalmomi irin su *father* da *pater*. Duk da haka, ƙidayar da Thomas Finkenstaedt da Dieter Wolff suka buga a 1973, bisa kalmomi kimanin 80,000 na wani ƙamusun Oxford, ta nuna cewa kusan kashi 28 cikin ɗari daga Latin suke kai tsaye, wani kashi 28 daga Faransanci, kashi 25 ne kawai na dangin Jamusanci, Girkanci kuwa kashi 5 da 'yan kai. Tun da yawancin kalmomin Faransanci su ma daga Latin suka tsiro, fiye da rabin ƙamusun ya koma tushe ɗaya ke nan. Ƙidayar ƙamus ce dai. A bakin mai magana, kalmomin gida da ci da sha da dangi har yanzu na gado ne.

2.0 Aron Farko

Rumawa sun ci Birtaniya da yaƙi daga shekara ta 43 Miladiyya, a zamanin Kaisar Kalaudiyas, suka kuma janye wajejen 410. Amma a wannan tsawon lokaci babu mai jin Ingilishi a tsibirin. Ƙabilun da suka kawo shi, wato Angil da Sakson da Jut, sai a ƙarni na 5 suka ƙetaro daga gaɓar arewacin Turai. Tun suna can sun riga sun yi ciniki da aikin soja da Rumawa, sun kuma taho da guzurin kalmomi. *Street* daga *strata* ne, wato shimfiɗaɗɗiyar hanya. *Wall* daga *vallum*, ganuwa. *Wine* daga *vinum*. *Cheese* daga *caseus*, cuku. *Kitchen* daga *coquina*. *Mile* daga *milia passuum*, taku dubu-dubu. A tsibirin kuma suka tarar da *castra*, sansanin soja, wanda ya rage a ƙarshen sunayen garuruwa irin su Manchester da Lancaster da Winchester.

Waɗannan kalmomi da kunne aka aro su, daga bakin fatake da sojoji, don haka suka bi duk sauye-sauyen furuci da kalmomin gado suka bi, har suka saje. Ba mai jin *cheese* ya yi zaton baƙuwa ce. Sun ƙara yawan kalmomi, amma ba su taɓa ginin harshen ba.

Aro na biyu ya biyo addini. A 597 Agustin, wanda Fafaroma Giregori ya aika, ya isa ƙasar Kent, inda ya kafa mazauninsa a Kantabari, Latin ya zama harshen ibada da makaranta da littafi. Daga nan aka sami *altar* da *candle* da *school* da *master*, da *noon*, wanda asalinsa *nona* ne, sa'a ta tara ta yini, kafin ma'anarsa ta zamo zuwa tsakar rana. Abin lura a wannan zamani shi ne yadda malaman Ingila suka fi son fassara a kan aro. Maimakon su ɗauki *evangelium* sai suka fassara ma'anarsa suka ce *godspel*, labari mai daɗi, wanda ya zama *gospel*. *Trinitas* ya zama *thriness*, daga kalmarsu ta uku. Almajiri kuwa suka kira shi *leorningcniht*, yaron koyo. Harshen yana da ɗafe-ɗafensa da hanyoyinsa na harɗa kalmomi, kuma sun ishe shi. Da abin ya ɗore a haka, da Ingilishin yau ya yi kama da Jamusanci, wanda har gobe yake kiran talabijin *Fernsehen*, wato hangen nesa.

3.0 Zuwan Normawa

Abin bai ɗore ba. Ranar 14 ga Oktoba, 1066, Wiliyam na Normandi ya ci Sarki Harold da yaƙi a Hastings, sarauta da filaye da manyan muƙaman coci suka koma hannun masu jin Faransanci. Harsuna uku suka raba aiki a tsakaninsu: Latin na rubuce-rubucen hukuma da na coci, Faransanci na fada da shari'a, Ingilishi na gona da kasuwa. Littafin ƙidayar dukiya na Domesday na 1086 da Latin aka rubuta shi, haka ma yarjejeniyar Magna Carta ta 1215. Dokar 1362 wadda ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi ita kanta da Faransanci aka rubuta ta, ta kuma bar ajiye bayanan kotu ga Latin, wanda bai sauka daga wannan kujera ba sai 1733.

Wani abin mamaki shi ne, kwararar kalmomin ba ta yi ƙarfi a lokacin da Faransanci ke ganiyarsa ba. Ta fi yawa ne tsakanin 1250 da 1400, bayan Ingila ta rasa Normandi a 1204, lokacin da jikokin Normawa suka fara komawa Ingilishi suna jawo kalmomin mulki da shari'a da ilimi da suka saba da su. Albert Baugh ya ƙiyasta cewa kalmomin Faransanci kimanin 10,000 ne suka shiga a wannan zamani, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasu suna nan da rai.

A nan ne ƙirar suna ta sauya. Sunan Latin yana canza ƙarshensa gwargwadon aikinsa a jimla, kamar li'irabin Larabci. Kalmar al'umma *natio* ce idan tana matsayin aikau, *nationem* idan tana matsayin karɓau. Faransanci ya zubar da wannan tsari, ya riƙe siffar karɓau a mafi yawan sunaye, ya gutsure ƙarshenta. Shi ya sa Ingilishi yake da *nation* da *n* a ƙarshe, harafin da babu shi a *natio*. Haka *libertatem* ya zama *liberté* sannan *liberty*, *civitatem* ya zama *cité* sannan *city*. Ta wannan ƙofa ce ɗafa-ƙeyar da suka cika rubutun Ingilishi suka shigo: *-tion* daga *-tionem*, *-ty* daga *-tatem*, *-ment* daga *-mentum*, *-ance* da *-ence* daga *-antia* da *-entia*, *-ure* daga *-ura*, *-age* daga *-aticum*.

Da farko ba a san su a matsayin ɗafi ba, kalma ce ake ara ɗungurungum. Sai da aka tara ɗaruruwa irin su *govern* da *government*, *judge* da *judgement*, sannan kunne ya gane cewa akwai wani yanki mai ma'ana da za a iya cirewa a liƙa a wani wuri. Daga nan aka fara samun ruwa-biyu: saiwa ta gado, ɗafi na aro, kamar *fulfilment* da *hindrance* da *shortage*, ko kuwa akasin haka, kamar *gentleness* da *dukedom*. Ɗafe-ɗafen ba su zama ɗaya wajen sakin jiki ba. *-ment* da *-age* sun shiga ko'ina, amma *-ity* da *-tion* sun ci gaba da ƙyamar saiwar gado, in ban da 'yan tsiraru irin su *oddity* da *starvation*.

Tun da malaman da ke rubutu sun san Latin ɗin kansa, sau da yawa kalma ɗaya takan shigo sau biyu, sau ɗaya ta bakin Faransawa bayan ta sha sassaƙa, sau ɗaya kuma daga littafi da kamanninta na asali:

*factum*: *feat*, *fact*
*rationem*: *reason*, *ration*
*traditionem*: *treason*, *tradition*
*potionem*: *poison*, *potion*
*securitatem*: *surety*, *security*

Na uku ya cancanci a tsaya a kansa. Ma'anar *traditio* ita ce miƙawa. Wanda ya miƙa gari ga abokan gaba ya ci amana, wanda ya miƙa al'ada ga 'ya'yansa ya bar gado, sai Ingilishi ya raba ma'anonin biyu tsakanin siffofin biyu. *Hospitale* kuwa har uku ya haifa: *hostel* da *hospital* da *hotel*.

4.0 Rikicin Kalmomin Kurtun Tawada

William Caxton ya kafa injin buga littafi a Westminster a 1476. A ƙarni biyu da suka biyo baya, masu fassara da masu rubutun ilimi suka ga Ingilishi ba shi da kalmomin da za su ɗauki abin da ke cikin littattafan Rumawa da Girkawa, suka shiga ɗibar Latin babu ƙaƙƙautawa. Thomas Elyot, a littafinsa na 1531 kan tarbiyyar masu mulki, yakan kawo sabuwar kalma ya jera ta da tsohuwa mai fassara ta, wani lokaci ma ya tsaya ya yi mata sharhi, kamar yadda ya yi wa *maturity*.

Ba kowa ya yarda ba. Masu suka sun laƙaba wa irin waɗannan kalmomi suna *inkhorn terms*, wato kalmomin kurtun tawada, waɗanda ba su da gida sai alƙalamin malami. Thomas Wilson ya yi musu ba'a a littafinsa na balaga na 1553. John Cheke, malamin Girkanci a Kambirij, bai tsaya a suka ba: wajejen 1550 ya fassara Linjilar Matiyu yana ƙoƙarin kauce wa aro, ya sa *hundreder* a madadin *centurion*, *foresayer* a madadin *prophet*, *gainrising* a madadin *resurrection*. Ralph Lever ya bi sahunsa a 1573 da littafin manɗiƙi, inda ya kira fannin kansa *witcraft*, ya kira sakamakon hujja *endsay*. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Manomin da bai je makaranta ba yana iya fasa *foresayer* gida biyu ya gane cewa mai faɗin abu ne kafin ya faru, amma *prophet* sai an gaya masa.

Duk da haka sun sha kaye, kuma ba hujja ce ta kayar da su ba. Fassarar Cheke ba a buga ta ba sai 1843. Makarantun Ingila da Latin suke koyarwa, duk wanda ya iya riƙe alƙalami ya san shi, kuma shi ne harshen da masanan Turai suke fahimtar juna da shi. Da shi William Harvey ya bayyana zagayawar jini a 1628, da shi Isaac Newton ya rubuta *Principia* a 1687. Ga mai irin wannan tarbiyya *conclusion* ce kalma mai sauƙi, *endsay* ce baƙuwa. Kalmomin aro da yawa sun mutu, kamar *adminiculation* mai ma'anar taimako, amma waɗanda suka rayu sun isa su gina katanga tsakanin mai ilimi da maras shi. Ƙamusun Ingilishi zalla na farko, wanda Robert Cawdrey ya buga a 1604 da kalmomi kimanin 2,500, ba don komai aka yi shi ba sai don a fassara wa Ingilawa kalmomi masu wuya na harshensu. A ƙarni na 19 William Barnes ya sake ɗaga tutar Cheke, ya ba da shawarar *wortlore* a madadin *botany*, shi ma ba a bi shi ba.

Girmama Latin ya kai har ga taɓa rubutun kalmomin da suka daɗe da zama. *Dette* da *doute* sun shigo daga Faransanci babu *b*, sai malamai suka cusa shi don a tuna da *debitum* da *dubitare*, aka sami *debt* da *doubt* da harafin da ba a taɓa furtawa ba. Wani lokaci ma kuskure aka yi: *island* kalmar gado ce, ba ta da alaƙa da *insula*, amma aka ɗora mata *s*.

5.0 Abin da Ke Cikin Saiwa

Yanzu ana iya komawa ga matsalar ɗalibin nan. Aikatau na Latin yana da saiwa fiye da ɗaya. Akwai ta aiki mai ci, akwai kuma ta aikin da aka gama, wadda yawanci ake ginawa da *t*. Rubutawa *scribere* ne, rubutacce *scriptum*. Aikatawa *agere*, aikatacce *actum*. A duka biyun baƙin ƙarshe na saiwa ya rasa ziza saboda *t* da ke biye da shi, *b* ya koma *p*, *g* ya koma *k*. Idan kuwa saiwar da *d* ko *t* ta ƙare, haɗuwarsu da *t* takan ba da *s*: *videre* da *visum*, *mittere* da *missum*, *cedere* da *cessum*, *vertere* da *versum*. Ɗafa-ƙeyar *-ion* da *-or* da *-ure* a kan saiwa ta biyu suke hawa. Ingilishi kuwa sau da yawa yakan ɗauki aikatau daga saiwa ta farko, suna daga ta biyu, shi ya sa *describe* yake tafiya da *description*, *admit* da *admission*, *convert* da *conversion*, *provide* da *provision*. A *receive* da *destroy* tazarar ta ƙaru ne domin aikatan sun bi ta bakin Faransawa, sunayen kuwa sun riƙe siffar littafi.

Ɗafa-goshi ma yana da nasa sauyin. Naso ya sa *ad-* ya zama *ac-* a *accent*, *af-* a *affix*, *as-* a *assent*. *Con-* ya zama *col-* a *collection*, *cor-* a *correction*. *Sub-* ya zama *sup-* a *support*. Wanda ya san yadda lam ɗin *al-* ke narkewa a gaban haruffan shamsiyya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Baƙaƙe biyu-biyun da ke wahalar da masu koyon rubutun Ingilishi yawancinsu tabon wannan naso ne. Bayan haka, a tsohon Latin wasalin saiwa yakan raunana idan ɗafa-goshi ya hau: *facere* ya ba da *factum*, amma *efficere* ya ba da *effectum*. Saboda haka *fact* da *effect* da *efficiency* 'yan ɗaki ɗaya ne, haka *capture* da *concept* da *recipient*.

Mai jin Hausa yana da abin kwatance a gida. *Ilimi* da *malami* da *ulama'u* saiwa ɗaya ce a Larabci, haka *hukunci* da *hukuma* da *hikima*, amma babu wata ƙa'idar Hausa da za ta fitar da ɗaya daga ɗaya. Wanda ya yi karatun zaure yana ganin zaren da ya haɗa su, wanda bai yi ba yana riƙe kowace ita kaɗai. Bambancin shi ne Ingilishi ya yi nisa a wannan hanya har ya ari ɗafe-ɗafen kansu yana ƙirƙira da su: *scientist*, wadda William Whewell ya ƙaga a shekarun 1830, babu Barumen da ya taɓa jin ta.

6.0 Jam'i da Ƙarshen da Ya Daskare

Sunayen da aka ɗauko kai tsaye daga littafi sun taho da jam'insu: *radius* da *radii*, *formula* da *formulae*, *index* da *indices*, *genus* da *genera*. Harshen yana ta janyo su zuwa jam'insa na *-s*, har *formulas* da *indexes* suka zama karɓaɓɓu. Wasu jam'in kuma an manta jam'i ne. *Agenda* ma'anarsa abubuwan da za a aikata, amma ya zama tilo har ya yi nasa jam'in. *Stamina* jam'in *stamen* ne. *Data* kuwa masu gyaran rubutu sun daɗe suna jayayya a kansa.

Akwai kuma sunayen da a Latin ba sunaye ba ne sam. *Affidavit* jimla ce, ya yi rantsuwa. *Deficit*, ya gaza. *Exit*, yana fita. *Veto*, na hana. *Ignoramus*, ba mu sani ba. *Alibi*, a wani wuri. *Quorum*, waɗanda daga cikinsu. Yawanci kalmar farko ce ko fitacciya a wata takardar kotu ko ta lissafi, aka yi ta ambatonta har ta zama sunan abin. Mafi ban dariya ita ce *omnibus*, mai ma'anar domin kowa, sunan da aka ba keken doki na haya a Faransa, wanda George Shillibeer ya kawo Landan a 1829. Da aka gajarta kalmar sai aka yar da saiwar *omn-* aka riƙe *bus*, wanda ba komai ba ne illa guntun ƙarshen li'irabi.

Wannan guntu shi ne *bas* na Hausa. Kalmomin Latin da suka biyo Ingilishi zuwa ƙasar Hausa a ƙarni na 20 suna da yawa: *likita* daga *doctor*, wanda asalinsa mai koyarwa ne, *asibiti* da *ofis* da *minista* da *mota*, *mil* da *inci* da *fam*, waɗanda suke cikin aron farko na Ingilishi, *kwabo* daga *copper*, daga *cuprum*, ƙarfen tsibirin Kuburus. Kafin a sauya kuɗin Nijeriya a 1973, yaran makaranta suna rubuta *d* a matsayin alamar kwabo, wato harafin farko na *denarius*, kuɗin Rumawa, wanda Larabci ya riga ya kawo a matsayin *dinari*. *Takarda* ma ana danganta ta da *charta* ta hanyar Buzaye, ga kuma *kati* daga *card*, jikan wannan *charta* ɗin, wato Hausa ita ma ta sami kalma ɗaya ta ƙofa biyu.

Sai dai Hausa ba ta ari ɗafi ko ɗaya daga wannan tari ba. Ta ɗauki kowace kalma a dunƙule, kamar yadda Angil da Sakson suka ɗauki *caseus*, ta ɗora mata nata jam'in da nata ganɗantawar: *likitoci*, *motoci*, *ministoci*. *Stationem* ya zama *station*, ya zama *tasha*, kuma *sh* ɗin da ke cikinta shi ne abin da ya rage na *-ti-* ɗin ɗafin Latin. Hausa ta ɗauke shi a matsayin baƙin ƙarshe na saiwa, ta maimaita shi wajen gina jam'i, aka sami *tashoshi*.